Ɗan Fari

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, watau tamanin da huɗu, Isaka ya karkatar da kamyonsa, babbar motar kaya, daga babbar hanya ya shiga Gidan Gawo, ƙauyensu na ƙasar Adar, ya ce wa matarsa Delu ta ɗaure kayanta. Shi shofer ne, direba ke nan, yana cikin masu jigilar hatsin taimako daga Kwatano, kuma sojojin da ke mulki su ke faɗa masa ranar tashi da wurin saukewa. Mutumin da ke kwana bisa hanya ya riga na gida ganin abin da ke tafe. Ya riga ya kama ɗaki guda a Bukoki, cikin Yamai, ya ce gara ta zauna inda ko ba komai akwai famfo.

Delu na gidan uwarta tun haihuwa, da goyon wata huɗu. Yaron namiji ne, ɗan fari, kuma sunan mahaifin Isaka aka sa masa, Yakuba. To kun ga ƙulli biyu ke nan a igiya ɗaya. Sunan suruki ba ya fitowa daga bakin mace, ɗan fari kuma uwarsa ba ta yi masa wasa, ba ta yi masa magana, ko kallonsa sai a sace. Ta ba shi nono, ta wanke shi, ta goya shi, ta kau da kai. Delu ba koya mata aka yi ba, a ciki ta tashi, don ita ma ƴar fari ce. Shekararta ashirin da biyu a duniya ba ta taɓa jin Inna ta kama sunanta ba. "Ke" ce, in ana zancenta kuma "waccan". Ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. A ƙauye abin ba ya ciwo, saboda ɗa na kowa ne: uwa ta kau da kai, hannu goma ya miƙo. Yakuba kwana yake a cinyar Inna yana ta gwaranci, ita tana amsa masa, sai ka rantse wata shari'a suke warwarewa.

Da aka ce Inna ta hau mota ita ma, ta ce ina, wa za ta bar wa awaki? "Ku yi gaba," ta ce wa Isaka, idonta na kan jikan. "In na ga yadda bisashen nan suka ƙare, ina nan tafe. Kafin ya taka ƙasa na iso."

Gidan na Bukoki ɗakuna shida ne a jere, rufin kwano, tsakar gida ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Masu hayar kusan duk maza ne, masu aikin gini da masu gadi, kafin rana ta fito kowa ya danna kwaɗo ya yi gaba. Isaka ya kwana biyu, ranar da zai tashi ya ja mata kunne. Ana ta raɗe-raɗin cewa ana kwashe mutanen da yunwa ta koro daga ƙauyuka, a loda su a mota a mai da su inda suka fito. "Ke ba ki da takarda ko ɗaya," ya ce. "Kada ki wuce famfo."

Mace ɗaya ce tal a gidan ban da ita, wata tsohuwa Kadi, Bazabarma haifaffiyar Yamai, mai sai da kwaɗon zogale a ƙofar gida. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da raba mace da namiji. Washegarin tafiyar Isaka ta zo bakin ƙofa tana goge hannu a zane, fuska a sake, ta miƙo hannuwa biyu.

"Kai Delu, kawo bebe in gani. Bebe ya kwana lafiya?"

Delu ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Bebe? Ɗanta? A Hausar da ta sha a nono, bebe abu ɗaya yake nufi: wanda Allah bai ba shi baki ba. Mutanen Yamai kuwa daga Faransanci suka aro tasu kalmar, kowane jinjiri bebe ne a wurinsu, har na gidan minista. Amma wa zai gaya wa Delu? Ta ƙanƙame yaron ta ce, a daƙile, "Lafiya lau yake. Har bakinsa."

Kadi ta yi dariya, ba ta gane inda aka dosa ba. Kashegari ta sake: ina bebe? Jibi ma haka. Ta kawo kwaɗo a ɗan kwano, ta kawo wani ɗan gora mai tsakuwa a ciki na kaɗa wa yara. Delu ta karɓa don kunya, tana juya baya ta cusa goran a ƙarƙashin gado. Ta rataya labule mai kauri a ƙofa, ta ƙara wa yaron laya, in za ta famfo sai ta lulluɓe shi har kai. Wace irin tsohuwa ce wannan, kullum safiya sai ta yi wa ɗan mutane mugun baki tana murmushi? Ita ma Kadi mutum ce, ba dutse ba. Da ta ga an mai da ita kamar mayya, sai ta ja jikinta, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Bayan wata uku ɗanta ya samu wuri a Kirkisoye, ƙetaren gulbi, ya zo ya kwashe ta. Ta tsaya a bayan labule ta yi sallama, ta ce Allah ya raya bebe. Delu ta amsa daga ciki, ba ta fito ba, a ranta tana cewa Allah ya raka taki gona.

A dawowarsa ta biyu ne Isaka ya shigo da tele bisa kai, wadda aka taɓa amfani da ita, mai hoto baƙi da fari, daga Kwatano. Ya share tebur ya girke ta, ya ja baya yana kallonta kamar shi ya ƙera. "Ga abokiyar hira na kawo miki," ya ce. Ku ji fa. Namiji ke nan: ya ɗauko mace daga cikin dangi ya ajiye a ɗaki, ya sayo akwati ya ce ga dangi. Ba mugu ba ne Isaka, kada a ɗauki alhakinsa. Iyakar abin da hankalinsa ya ba shi ke nan, kuma da kyakkyawar niyya ya yi.

Tele ba ta fara aiki sai yamma ta yi. Wani mai ɗaure da wuya ya fito ya karanta labarai da Faransanci, a nuno sojoji suna zagaya rumbunan hatsi suna nuna buhuna da sanda, wata rana kokowa, wata rana a yi labaran da Hausa ko Zabarmanci. Da rana babu kowa a ciki, sai tsaki-tsaki suna ta tafasa a gilashi, da wani sauti, shuuu, ba tsayawa. Wannan sautin ne ya kama Delu. Kamar ruwan sama ne bisa kwano, ita kuwa rabonta da jin ruwa har ta manta. Tun safe take kunnawa, don shirun gidan nan ya fi ƙarfinta. Sai ta lura yaron ma in ya ga hasken yana yin tsit. Ta samu babban kwano ta jera tsummoki ta zaunar da shi a ciki, daidai gaban tebur, ta je ta yi wanki, ta yi girki, ta dawo ta iske shi inda ta bar shi, ido a kafe. Ta ce wannan yaro akwai haƙuri.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Isaka ya yi sati biyu a hanya, ya kwana ɗaya ko biyu a gida, rabin lokacin barci yake. Akwai ranakun da in ba salla ba, leɓɓan Delu ba sa motsi tun fitowar rana har faɗuwarta. A famfo matan unguwa Zabarmanci suke, ta ce sannunku, su ce fofo, shi ke nan hira ta ƙare. Kewa ta dame ta ƙwarai. Tana kewar sautin turmi uku suna daka tare, tana kewar faɗan Inna da awaki, har gulmar bakin rijiya da ta ƙi jini a da, yanzu da za a sayar mata da ta saya.

Za ku ce, to ga ta ga ɗanta a ɗaki, ƙofa a rufe, wa zai gan ta in ta yi masa magana? Ai kunya ba mayafi ba ce da za a tuɓe a rataye in an shiga ɗaki. Ban da haka ma, akwai abin da ita kanta ba ta faɗa wa kanta ba. Hira da yaron nan wurin zaman Inna ne. In ta hau ta zauna a kai, kamar ta yarda ke nan Inna ba za ta zo ba. Don haka ta bar wurin a share, tana jira. Tana son yaron nan kamar ranta, in yana barci takan daɗe tana kallonsa, amma da ya buɗe ido sai ta mai da nata kan wani abu.

Gwarancin da ya zo da shi daga Gidan Gawo bai ɗauke rana ɗaya ba, da ta lura. Raguwa ya riƙa yi. Yakan yi ɗan "agu" ga mai ɗaure da wuya, mai ɗaure da wuya ya ci gaba da karatunsa. Yakan miƙa hannu ga ƴan kokowa ya yi ƙara, su ko a jikinsu. A hankali ya bari. Ya iya zama, ya yi haƙora, ya fara rarrafe, jikinsa mul-mul a shekarar da ƴaƴan mutane ke ƙanjamewa. In yunwa ta kama shi ya yi kuka, in ya ƙoshi ya yi shiru. Tsakanin kuka da shiru babu komai.

A bakin famfo abin ya faɗo mata. Wata mata ta sauke goyonta a kan dakali, yarinyar ba ta kai Yakuba ba ko kusa, amma bakinta bai huta ba: ba-ba-ba, da-da-da, tana yi tana tofar da yawu, uwar na amsa mata tana cika bokiti. Delu ta tsaya da tulu a hannu har ruwa ya zuba mata a ƙafa. Yaron da ke bayanta wata goma sha ɗaya, yaushe rabon da ta ji irin wannan daga gare shi? Ta lalubo a ranta, ta kasa tunawa. Tsoro ya shige ta har cikin ƙashi. Bakin tsohuwar nan ya kama shi, abin da ta ce ke nan.

Da Isaka ya dawo ta gaya masa, a kaikaice, yadda ake zancen ɗan fari. "Wancan fa ba ya cewa komai."

"Miskili ne, irin mai sunansa," in ji Isaka, yana cire takalmi. "Kuma ga tele nan yana sha kullum. Bari ki gani, da Faransanci zai fara."

Ranar da ya tashi ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta goya yaron ta wuce famfo. An ce akwai gidan likita inda ake awon yara, can bayan kasuwa. Bazara ce, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Duk motar da ta ji a bayanta sai ta ce ga masu kwasa nan. Ba wanda ya ko dube ta. Ta iske layi har waje, mata zaune a ƙasa, yawancinsu irinta ne, ƴan ƙauye, da yara masu manyan kawuna da siraran wuya. Ba a tambayi takardar kowa ba.

Daga inda take zaune tana jiyo muryar ma'aikaciyar, wadda ake kira Madam Ramatu. "Kawo bebe." Aka kai. "Na gaba, tuɓe wa bebe riga." Aka tuɓe. Wanda ke tsala kuka bebe, wadda ke ta surutu tana jan ɗankunnen uwarta ita ma bebe. Delu ta kasa daurewa, ta taɓa matar da ke kusa da ita, wadda ta ji tana Hausar Maraɗi.

"Baiwar Allah, wai duk yaran nan bebaye ne?"

Matar ta dube ta, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke baƙuwa ce ko? Jinjiri ke nan da Faransanci. Nan garin kowa haka yake cewa."

Delu ba ta yi dariya ba. Goran nan mai tsakuwa da ke ƙarƙashin gado ta tuna, da hannuwa biyu da aka miƙo mata da safe, da sallamar da ta amsa ta bayan labule. Mutum ɗaya a duk faɗin Yamai ta so ta ɗauki yaron nan ta yi masa wasa, ita kuma ta kore ta da hannunta. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta da daɗi ko kaɗan, ta sunkuyar da kai har layi ya zo kanta.

Madam Ramatu ta rataya yaron a ma'auni ta gyaɗa kai. Nauyinsa ya yi. Za ta ce na gaba, Delu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ba ya magana. Ko gwaranci."

Madam ta dube ta, ta ɗauki wani farantin ƙarfe ta zagaya bayan yaron ta sake shi a ƙasa. Yakuba ya zabura ya waiga. "Kunne lafiya," in ji ta. Ta durƙusa a gabansa ta kaɗa harshe, ta kumbura kumatu, ta yi masa ƴan maganganu da Zabarmanci. Ya zuba mata ido, shiru, bai yi dariya ba, bai kuma ji tsoro ba. Kallo kawai yake, irin na wanda ya saba a yi abu a gabansa ba a neman komai daga gare shi.

"Wa yake magana da shi a gida?"

"Akwai tele," in ji Delu.

"Ban tambaye ki abin da ke ƙara a ɗaki ba. Tele tana magana, amma ba da shi take ba. Kakarsa fa? Yayye? Maƙwabta?"

"Ba kowa."

"To ke fa?"

Delu ta dubi ƙasa. A Gidan Gawo kalma biyu sun isa amsa wannan, kowa ya gane ya yi shiru. "Ɗan fari ne," ta ce.

Ita Madam Hausarta ta aiki ce, kuma tun safe fari ɗaya take gani, wanda ya ƙone gonaki. Ta nuna layin da hannu, a gajiye. "Duk waɗannan ƴan fari ne, ƴar'uwa. Fari ya hana gero, bai hana magana ba. Ki je ki yi magana da ɗanki. Na gaba."

Delu ba ta gyara mata ba. Ta goya yaron ta kamo hanya, maganar na bin ta. Da yamma ta tari masu gadin da ke haya a gidan da tambaya ko akwai wanda ya san inda Kadi ta koma. Kirkisoye dai, in ji su, amma Kirkisoye ba gida ɗaya ba ne, kuma akwai sojoji a bakin gada. Wannan ƙofa ta rufu. Saura ɗaya, wadda dama ita take jira tun farko. Da Isaka ya zo ya ce wannan karon Tawa za su kai kaya, ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta saba ba, ta ce don Allah ya ratse ta gida ya taho da Inna, ko awaki sun ƙare ko ba su ƙare ba.

Kwana tara ya yi. Ranar da ya dawo, da la'asar, tana jin tsayuwarsa a ƙofar gida ta leƙa bayansa. Shi kaɗai ne. Ya yi wanka, ya ci tuwo, ya tambayi ko an ɗauke wuta a bayansa, ya yi ta kewaye-kewaye. Ta bar shi har ya gaji don kansa.

"Na je," ya ce. "Ba kowa a garin, Delu. Har ƙyamaren ɗakuna an ciccire. Gida uku suka rage, sai tsoho Malam Adamu da ya ce shi ba inda za shi."

"Inna fa?"

"Awakin sun mutu tun sanyi. Ta bi ƙanenki Bala, sun yi kudu, wajen Sakkwato. Ta daji suka bi, tun da an rufe iyaka. Ba wanda ya san garin da suka sauka." Ya ture kwano gefe. "Ta bar saƙo wurin Malam. Ta ce a gaya wa Delu kada ta jira ta."

"A gaya wa waccan dai," in ji Delu, a hankali. "Haka za ta ce."

"Ni ma sai da na tambaye shi. Ya ce da kunnensa ya ji, har sau biyu. Delu ta ce."

Ta tashi ta kwashe kwanonin ta fita da su tsakar gida, ta daɗe tana wanke abin da ya riga ya wanku. Shekara ashirin da biyu tana son ta ji yadda sunan nan zai fito daga bakin nan, ga shi ya fito, ba ta wurin. Kuma ba ta yi murna ba, don ta san Inna. Matar da ta riƙe kunya tsawon wannan lokaci ba za ta sake ta a banza ba. Sai in ta san ba za a sake haɗa ido ba.

Da safe Isaka ya koma bakin aiki, masu kaki ba su san wani abu wai shi zaman jaje ba. Gida ya watse kamar kullum. Hantsi ya yi, Delu ta farga ashe hannunta ya riga ya yi abin da ya saba: yaro na zaune gaban tebur, tele na ta shuuu. Ta tsaya ta dube su su biyu. Sannan ta miƙa hannu ta kashe.

Yakuba ya rarrafa ya kama ƙafar tebur ya miƙe, ya sa ɗan yatsa ya danna maɓallin. Tele ta dawo. Ashe har wannan ya koya, ba ta sani ba. Ta zare igiyar wutar daga bango. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, ya buga gilashin da tafin hannu, sannan ya ɓare baki.

Ta sauke labule, ko da yake ba kowa a gidan sai ƙadangaru. Ta zauna a tabarma ta ɗora shi a cinya suna fuskantar juna, zaman da ba su taɓa yi ba. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Me uwa ke ce wa ɗan farinta? Ba ta taɓa ji ba, balle ta kwaikwaya. Abin da ta sani shi ne na kakanni, masu mai da jika namiji miji su yi ta tsokanarsa. Sai ta aro. Ta kausasa murya irin ta Inna, ta ɗan karkace kai.

"Kai wannan miji nawa, rowa gare ka. Ko goro ba ka taɓa kawo mini ba. In ba ka gyara ba, sakina za ka yi."

Kukan ya tsaya cak. Yaron ya juya kansa, ba wajenta ba, wajen tebur. Ya leƙa baƙin gilashin yana neman mai maganar. A iya saninsa, daga can magana ke fitowa.

Duk abin da ya same ta a shekarar nan, babu wanda ya soke ta kamar wannan. Ta sa yatsu biyu ta juyo haɓarsa. Muryar Inna kuma ta ajiye ta, don ba tata ba ce, kuma in ta ƙara kalma ɗaya da ita kuka za ta yi.

"Yakuba."

Ta waiga ƙofa da sauri, kamar surukin zai taso daga kabari ya ɗaga labule. Ba abin da ya faru, kwano bai faɗo ba. Yaron ma bai motsa ba, bai san sunan wane ne ba.

"Yakuba. Kai ne Yakuba. Ni ce Delu." Muryar ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ba ta san abin da za ta ɗora ba, sai ta kama ba shi labarin Gidan Gawo. Ta ce akwai rijiya mai gaba ashirin, akwai gawon da aka sa wa garin suna, akwai akuya mai kunne ɗaya da ke satar dusa. Ta lissafa masa gidaje daga gabas, kowa da sunansa, har waɗanda bai kamata ta kama sunansu ba. Yanzu idonsa na kan bakinta, bai ko ƙiftawa.

Ta tsaya ta ja numfashi. Sai ya ɗaga hannu ya ɗora ɗan yatsa a leɓenta na ƙasa, ya danna.

Ta ci gaba, ba ta kawo komai a ranta ba. Da ta sake tsayawa, ya sake dannawa. A karo na uku ta gane. Kunna ta yake yi. Dariya ta kufce mata, hawaye na bin dariyar, ta goge da gefen zane.

"A'a," ta ce. "Ni ba tele ba ce. Na yi nawa, saura kai."

Ta kama hannayensa biyu ta riƙe a cikin nata, ta rufe bakinta, ta dube shi ido cikin ido. Ya ja hannu, ta riƙe. Ya karkata ya dubi tebur, ya dawo da ido kan leɓɓanta. Fuskarsa ta fara yamutsewa, ta ce shi ke nan, kuka ne, kuma saura kaɗan ta sake shi, don ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar wannan shirun ba. Ta daure. A waje mai ga-ruwa ya wuce yana kaɗa garewani. Yaron ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, maƙogwaronsa ya motsa.

"Aa."

Ba kuka ba ne. Gajere ne, a gurguje, amma ita ya duba ya faɗa.

"Na'am," in ji Delu.

Ya zaro ido. Bai taɓa yin ƙara wani abu ya amsa ba. Ya yi jim, kamar mai gwada ƙasa kafin ya taka, sannan ya ƙara, da ƙarfi wannan karon. "Aa!"

"Na'am, Yakuba. Ina jin ka."

Ta yunƙura ta ɗaga labule, bakinta cike da albishir, tana neman wanda za ta ce wa zo ka ji. Ƙofofi biyar, kwaɗo biyar, rana ta cika tsakar gida. Ta daɗe riƙe da labulen. Sannan ta sake shi ta dawo ta zauna, ta ɗauki yaron ta mai da shi cinyarta.

"Ka ji?" ta ce masa. "Ɗana ya yi magana."